Wayar Abdulƙadiri Ba Ta Nuna Ba

Duk Goronyo, in kana neman mutumin da Allah ya jarabta da son sauti, ka tambayi gidan Abdulƙadiri mai albasa. Wani tattabaru ne suka cinye masa hankali, wani babur, shi kuwa nasa ciwon a kunne yake. Ɗaki guda ya ware a gefen zaure, ya shafe shi da siminti, ya jera amfilifaya da tsohuwar rikoda da manyan sifiku biyu masu jikin katako da ya saya tun yana saurayi. Ranar da aka kafa masa sola a kan rufi, matarsa Mas'uda har ta share wurin da za a ajiye firji. Batir ɗin kuwa kai tsaye ɗakin sauti aka wuce da shi, ita kuma ta ci gaba da shan ruwan randa.

Ba wai mutumin banza ba ne. Manomi ne na gaske, albasarsa ta fadamar bayan dam ba ta kwantai a kasuwa, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga wa iyalinsa murya ba. Amma ka kuskura ka ɗora ko hula a kan amfilifayar nan, ranar za ka ga fuskarsa ta canja. Ko ƙusa bai yarda a buga a bangon ɗakin ba, wai tana ɓata amo.

A tsakiyar bazara, ana cikin cirar albasa, abokinsa Lawwali mai shagon kayan lantarki a Sakkwato ya aiko masa da wata waya ta haɗa amfilifaya da sifiku. Kauri gare ta kamar igiyar rijiya, bakinta kuma da ruwan zinare. Nawa aka saye ta, har yau Mas'uda ba ta samu amsa ba. Abdulƙadiri ya haɗa ta, ya sa kaset, ya zauna ya lumshe ido. Ya kasa kunne, ya ƙara kasa kunne. Wallahi bai ji bambancin komai ba. Ya kira Lawwali ransa a ɓace.

Lawwali ya yi dariya ya ce, "Kai dai gaggawa gare ka. Wayag ga sabuwa ta, ɗanya take. Sai ta sha sauti tun sahe har marece, kullum, sannan ta nuna. Masu abin haka sunka ce. In ka bari ta wuni shiru, aikin baya shika komawa."

"Har yaushe?"

"Kunnenka shi zai hwaɗa maka."

Ni dai ban san ko waya tana nuna ba, ban kuma ga wanda ya sani ba. Abdulƙadiri kam ya yarda ɗari bisa ɗari, har ya ji kunyar fushin da ya yi wa baiwar Allah waya tun ba ta yi laifin komai ba.

To, a lokacin akwai wata damuwa a gidan da ta fi waya nauyi. Bube, mahaifin Mas'uda, yana zaune a ɗakin baƙi tun ƙarshen kaka. Bafillace ne, rugarsu tana gefen Shinaka. Ɓarayin daji suka shigo suka kore shanun rugar kakaf, mutane suka watse, wasu Rabah, wasu wajen dangi a Maikujera. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Sai da Mas'uda ta aika, ta sake aikawa, kafin ya yarda ya zo, shi ma wai gaisuwa ya zo yi. Ya iso da sanda da buta da malfa da wata jaka ta buhu, kuma tun da ya ajiye jakar bai kwance bakinta ba.

Abin da ke cin tsohon kowa ya sani. Mutum kamarsa, a ce yana zaune gidan suruki, ba aikin fari ba na baƙi, ana kawo masa tuwo safe da dare, wannan abu ya fi masa asarar shanun ciwo. Ga shi Mas'uda 'yar fari ce, ko sunanta ba ya kira, ba ya haɗa ido da ita, in zai yi maganarta sai ya ce "mutanen cikin gida". Kwanon tuwo yadda aka kai haka yake dawowa, sai ɗan gefe da aka taɓa don kada a ce an raina. Wuyansa ya zama siriri. Kuma ya riga ya faɗa, a hankali, yana kallon ƙasa, cewa kafin ruwan fari ya sauka zai koma ya gyara bukkarsa.

Komawa ina? Hanyar nan babu mai binta, kuma cikin waɗanda suka yi ƙarfin halin komawa ba duka aka sake jin labarinsu ba. Mas'uda ta yi kuka a ɓoye har ta gaji. Ita ba ta iya tsayawa gabansa ta ce kada ya tafi. Abdulƙadiri kuma suruki ne, iyakarsa ya durƙusa ya gaishe shi ya tashi.

Ba don bai gwada dabara ba. Ya ce Baba ya taimaka ya riƙa tsare masa ɗakin ajiyar albasa. Bube ya dubi ƙofar ƙarfe da kwaɗon da ke jikinta, ya ce ai wannan ɗaki ya tsare kansa. Ya sayo awaki biyu ya ɗaure a bayan gida. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kora garke ya dubi awakin nan, ya ce Allah ya sa albarka, bai sake bi ta wajen ba. Duk aikin da aka ƙirƙiro don tausayi, tun daga nesa yake jin warinsa.

Ana haka Lawwali ya aiko da memori, ɗan ƙaramin abin nan da ake zuba waƙoƙi a ciki, a hannun wani direba, ya ce a ciki akwai sautin da ya fi kowanne saurin nunar da waya, kuma da kansa yake maimaituwa, ba sai an taɓa ba. Bayan azahar Abdulƙadiri ya soka memorin, ya buɗe taga, ya murɗa ƙara. Ashe ba waƙa ba ce, ba karatu ba. Wani shuuu ne kawai mai tsawo, mara numfashi.

Ranar kuwa Mas'uda da maƙwabciyarta Laraba sun kirɓa ganyen albasa sun dunƙula gabu, sun shanya shi tabarma-tabarma a tsakar gida. Wanda ya san gabu ya san ko yayyafi ya taɓa shi aikin ya tashi a banza. Jin shuuu ɗin nan ke da wuya Laraba ta yi salati ta zabura, ta yi fatali da turmi, ta hau tattare tabarmi. Mas'uda ta fito daga madafa da muciya a hannu. Matan gidan gaba suka ji Laraba na kiran ruwa, su ma suka kwashe shanyarsu. A bakin titi, inda aka zube tulin albasa ana jiran mota, maza suka hau jan tamfol suna tuntuɓe da juna. Sai da aka gama rufe komai wani ya tuna ya ɗaga kai. Sama fes, ko ɗigon gajimare babu.

Mutum ɗaya ne bai motsa ba. Bube yana zaune a inuwar zaure yana jan carbi, ya ce wa wani da ya zo wucewa a guje, "Wanga ba ruwa ba na. Ruwa ƙamshinai ka riga shi zuwa." Waɗanda suke kusa sun ce ranar suka fara ganin haƙoran tsohon.

Mas'uda ba ta ga abin dariya ba. Ta shiga ɗakin sauti, ɗakin da ba ta shiga sai da dalili, ta zare memorin da hannunta.

"Malam, in na ƙara jin ruwan ƙaryan ga cikin gidan ga, murhu za shi. Ka bar ni da kunyar Laraba."

Ta ƙulle shi a bakin zane ta fita. Abdulƙadiri bai hana ta ba, don ya san shi ya jawo.

Sai aka koma kan kaset. Shi kuwa kaset in ya kai ƙarshe tsayawa yake, sai an cire an juya. Ga cirar albasa ba ta jiran kowa. Abdulƙadiri ya shiga wani hali da ba don a idon mutane aka yi ba da sai a ce sharri ake masa: ya sa kaset, ya hau babur ya tafi fadama, ya yi ɗan aiki, ya tuna kaset ya kusa ƙarewa, ya bar 'yan ƙwadago ya sheƙo gida, ya juya, ya koma. Man babur ya ƙone, aiki bai tafi ba, kuma duk da haka sau da yawa yakan tarar da ɗakin tsit, waya tana kwance tana komawa ɗanya. Ya rame a tsaye.

Bube yana kallon wannan kai da kawo daga inda yake zaune. Wata rana da hantsi, Abdulƙadiri ya faɗo zaure gumi sharkaf, sai tsohon ya yi gyaran murya.

"Malam Abdu, lahiya dai? Mi ka koro ka gida haka?"

Abdulƙadiri ya cire takalmi ya durƙusa. Kunya ta rufe shi, don abin da zai faɗa ko a kunnensa bai yi kama da maganar magidanci ba. Amma ya faɗa, tun daga kan Lawwali har zuwa juya kaset, kansa a sunkuye, yana jiran tsohon ya yi masa irin kallon da ya yi wa awaki.

Bube ya ce, "Sabuwa ta?"

"Sabuwa ta, Baba."

"Tau, ai sabon abu ba a barin shi shi kaɗai." Ya dafa sanda ya miƙe. "Gwada mani inda aka taɓawa."

Abdulƙadiri bai shirya wannan ba, Allah ya sani. Da ya shirya da ba ta yi ba. Tsohon ya ga mutum ne a cikin wahala ta gaske, ko da wahalar ta wauta ce, kuma wannan ba irin aikin tausayin nan ba ne. Aka nuna masa maɓallin tsayarwa da na buɗewa, da yadda ake juya kaset, da yadda ake soka biro a naɗe zare in ya zubo. Yatsunsa da suka saba da igiya ba su sha wuya ba.

Da magariba kwanon tuwo ya dawo cikin gida babu ko loma. Mas'uda ta tsaya tana kallon kwanon kamar an aiko mata da kyauta daga Makka. Ta kwance memorin daga bakin zane, ta jefa shi can ƙasan tukunyar daddawa, ta rufe. Da mijinta ya shigo ta ce masa, murya ƙasa-ƙasa, "Wayag ga taka, kada ta kuskura ta nuna."

Nan fa aka sa Abdulƙadiri a tsaka mai wuya, don shi har ga Allah so yake ta nuna. Kullum da yamma in ya dawo sai ya zauna ya kasa kunne, kuma ya rantse yana jin kalangu ya fara fitowa daban, muryar mai waƙa ta ɗan matso kusa. Daɗi ya kama shi, sai kuma gabansa ya faɗi. In tsohon ya tambaye shi yaya, sai ya ce ana dai samun ci gaba, ya yi sauri ya kawo zancen farashin albasa.

Bube kuwa ya riƙe aiki ba da wasa ba. Ya tsara wa waya abincinta da kansa: karatun Alƙur'ani da safe, wa'azi in rana ta take, kiɗan noma bayan la'asar. In an kira salla sai ya kashe, ya ce ko waya ta san lokacin salla, Abdulƙadiri kuma bai isa ya yi gardama ba. Ya samo ƙyalle yana share ta daga wannan baki zuwa wancan. Mas'uda ta ce in ta zo wucewa takan ji yana yi mata magana da Fillanci a hankali, irin yadda yake yi wa maruƙa. Tsofaffin unguwa suka gano akwai inuwa da karatu kyauta a ƙarƙashin tagar, suka fara zuwa da buzayensu. Malam Sa'adu na gidan gaba, wanda ba ya barin kowa ya gama magana, ya zama abokin musunsa. Har aka fara jin muryar Bube daga cikin gida yana kare ra'ayinsa a kan ko wane wata ne ya fi zafi.

Kwanakin nan gidan ya yi daɗi. Albasa ta yi kyau, aka loda motoci, aka cika ɗakin ajiya. Laraba ta huce, har takan aiko wa tsohon da fura. Wuyan Bube ya fara cikowa. Jakar dai tana nan a ƙulle, amma an tura ta bayan ƙofa.

Wata la'asar Abdulƙadiri ya dawo, tun daga bakin zaure ya ji abin da ya tsayar da shi cak. A ƙasan kwalin kaset akwai wani tsoho da shi da kansa ya ɗauka da ƙaramar rikoda ranar ɗaurin aurensa, can a rugar. Mata na waƙa suna kiɗan ƙwarya, wani na busa sarewa, ana ta guɗa. Ya manta da shi sam. Da ya tuna da ya ɓoye, don duk abin da ke cikin kaset ɗin nan yanzu babu shi.

Ya leƙa a tsorace. Tsohon yana zaune a miƙe, hannayensa a kan gwiwa. A bayan muryoyin matan, can nesa, sai ga kukan saniya, dogo, sau ɗaya. Bube ya bari kaset ɗin ya ɗan wuce, sannan ya danna maɓalli.

"Akwai saniya bayan matan ga," ya ce, bai juyo ba. "Muryar ta dushe, ban gane ko wace ta ba. Ran da wayarka tan nuna, zan gane ta."

Shi ke nan aka samu ma'auni. Kullum bayan la'asar sai an sa kaset ɗin biki, a jira saniya ta yi kuka. Abdulƙadiri yana durƙushe a bakin ƙofa, sai tsohon ya girgiza kai ya ce, "Da saura." Bai taɓa sanin akwai maganar da za ta yi masa daɗi irin wannan ba, shi da ya ƙagu waya ta nuna.

Zafi ya kai inda ya kai, gabas ta fara haɗa gajimare da yamma tana watsewa. Manoma suka fara gyaran gonakin gero. Tsohon bai ƙara ta da zancen bukka ba, kowa kuma ya kama bakinsa.

Sai ga Lawwali ranar kasuwa. Ya zo sayen albasa, ya ce ba zai koma ba sai ya ji wayarsa. Mutum ne mai kirki, amma irin mutanen nan ne da bakinsu ke riga hankalinsu isa wuri. Ya gaida tsohon, ya zauna a tsakiyar ɗaki, ya sa aka murɗa ƙara, ya karkata kai. Bai yi minti biyu ba ya buga cinya.

"Wagga ai ta daɗe da nuna! Abdu, kunnenka lahiya? Ta nuna har ta gaji." Ya juya ya ga kaset jere a gaban Bube, da biro, da ƙyalle. "Wai kaset kuka juyawa har yanzu? Haba, don mi za ku wahal da tsoho? Ai memorin da na aiko ko waƙa anka zuba ciki da kanai shika maimaitawa. Ba shi bukatar kowa."

Ɗakin ya yi tsit, in ban da kalangu da ke ta faman bugawa. Abdulƙadiri ya ji da ƙasa za ta tsage da ya tura Lawwali ciki ya bi shi. Malam Sa'adu, da ke leƙe ta taga, ya sulale ya koma kan buzunsa. Bube ya ajiye biro a kan kwali, ya ɗauki butarsa, ya ce bari ya yi alwala, alhali ba a ko kusa kiran salla ba.

Da magariba kwanon tuwo ya dawo an taɓa gefe kawai. Mas'uda ba ta yi wa mijinta faɗa ba, ta dai zauna ta tasa kwanon a gaba.

Washegari da safe Abdulƙadiri ya fito zai tafi gona, ya ga jakar buhu a bakin zaure, sanda da malfa a kanta. Ya jingine babur. Tsohon yana cikin ɗakin sauti, zaune a wurin da ya saba, amma bai kunna komai ba. Abdulƙadiri ya cire takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe shi. Aka gama gaisuwa, sai tsohon ya kira shi.

"Malam Abdu."

"Na'am, Baba."

"Abin da baƙonka yac ce jiya, gaskiya na? Abin ga na iya juya kanai?"

"Gaskiya na, Baba."

"Kai ko ka sani?"

"Na sani."

"Wayar hwa? Ga kunnenka, ta nuna?"

Ƙarya tana nan a bakinsa, a shirye, kalma biyu ce kawai: da saura. Amma Abdulƙadiri bai taɓa yi wa kowa ƙarya a kan sauti ba, ba kuma zai fara da wannan tsoho ba. Ya ce, "Ga kunnena, Baba, ta nuna."

Bube ya gyaɗa kai, ya dafa ƙasa kamar zai tashi. Nan Abdulƙadiri ya yi abin da suruki ba ya yi. Idonsa na kan siminti, ya ce, "Baba, ku gahwarce ni in na wuce wuri. Ba ni son ku tahi. Mutanen cikin gida ba su kwana don tsoro. Ni ma tsoro nika ji. Gidan ga ya hi daɗi da ku ciki, wallahi ya hi daɗi."

Ya faɗa, ya ji kamar ya tuɓe riga a kasuwa. Tsohon bai dube shi ba. Ya daɗe yana kallon wayar nan da ke kwance a gefen bango, tana sheƙi saboda sharar da take sha.

"Sa mani kaset ɗin bikin."

Abdulƙadiri ya rarrafa ya sa. Mata suka ɗauki waƙa, ƙwarya ta amsa, sarewa ta shigo. Aka yi guɗa. Can a baya saniya ta yi kukanta, dogo, sau ɗaya. Abdulƙadiri ya saci kallo ya ga leɓen tsohon ya motsa, amma babu abin da ya fito. Bube ya miƙa yatsa ya danna maɓalli da kansa.

"Kai da abokinka kunnen gaggawa gare ku," ya ce. "Da saura. Ni ban gane ta ba."

Ya cire kaset ɗin, ya ɗauki biro, ya fara naɗe zare a nutse.

"Tashi ka tahi gona, rana na yi. Kuma ka ce ma mutanen cikin gida awakin can an ɗaure su kusa da juna, igiya za ta harɗe."

Abdulƙadiri ya fita da baya-baya. Maimakon ya nufi babur sai ya shiga cikin gida. Ya tarar da Mas'uda a bayan bangon ɗakin, inda ta laɓe tun farko, tana share ido da bakin mayafi.

Ya ce, "Kin ji? Ya ce bai gane ta ba. Ko dai wayar da saura da gaske?"

Mas'uda ta dube shi, hawaye na zuba, dariya kuma na neman ƙwace mata.

"Malam, kai dai Allah shi bar ka da wayarka. Wule ta, mai farin goshi, saniyar innata. Ni da nike cikin lulluɓi ranar bikin na gane ta, balle Baba, da ko tari ta yi cikin garke shina sanin ita ta. Tun ranar da ya hwara sa kaset ɗin ina nan wurin ga, na ji ya kira sunanta."

Abdulƙadiri ya juya zai fita. Daga ɗakin sauti karatun safe ya tashi, a daidai ƙarar da tsohon yake so. Da ya fito zai ja babur, jakar ba ta bakin zaure. Ya leƙa ta taga, ya ga an samo ƙusa an buga a bango, daidai saman amfilifaya, an rataye malfa. Ya dubi ƙusar, ya dubi malfar, ya tura babur har bakin titi kafin ya tayar, don kada ƙararsa ta dami masu aiki.